Na'ura Ba Ta San Ɗan Cin Rani Ba

Ƙasashe masu arziki sun tsufa. A Japan, kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65. Jamus kuwa, ganin ma'aikatanta na ajiye aiki babu masu maye gurbinsu, ta soma aiki da wata doka a 2020 domin jawo ƙwararru daga ƙetare. Mu a Nijar, kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba. Wasu na cewa faɗuwa ta zo daidai da zama: su da guraben aiki, mu da ƙarti majiya ƙarfi. To, mu kam muna da ja.

A manyan kamfanonin can, sau da yawa ba ɗan adam ke fara duba takardar mai neman aiki ba, na'ura ce mai ƙirƙirarriyar basira ke tankaɗe. Darasinta kuma daga takardun waɗanda aka ɗauka a baya ta koye shi, har da son kan masu ɗaukar. A 2018 aka ji cewa kamfanin Amazon ya yi watsi da irin wannan na'ura saboda tana danne takardun mata. A 2024 Tarayyar Turai ta sanya na'urorin ɗaukar ma'aikata cikin jerin masu babban haɗari.

Yanzu mai karatu ya dubi gida. Ga bakaniken Birnin Ƙonni da ya shekara goma a gareji. Ga maginin Illela da ya ci rani Abijan da Libiya. Ga manomin albasar Galmi da ke kwance injin ban ruwa ya ɗaure da hannunsa. Ina shaidarsu? Babu difloma, wasu ko takardar haihuwa ba su da ita. Maigidan gareji ya san gwaninsa, amma na'ura abin da aka rubuta kaɗai take gani. A wurinta waɗannan bayin Allah ba su ma zo duniya ba.

An ce aƙalla na'ura ba ta tambayar katin jam'iyya, ba ta san "ɗan wane" ba. Gaskiya ne, muddin wanda ya ɗora mata darasi bai sani ba.

Saboda haka muna kira ga hukumar ANPE da ma'aikatar koyar da sana'o'i: a aiko da alƙalan jarrabawa Ƙonni da Malbaza da Illela, a gwada masu sana'a a bakin aikinsu, a ba wanda ya ci takarda mai hatimin gwamnati. A fara da masu walda da masu gyaran lantarki, waɗanda masana'antar siminti ta Malbaza ke ƙofar gidansu.