Karen da Muka Yasar, Alhakinsa na Wuyan Wa?



Makonni uku da suka wuce, bayan an tashi sujada, muka iske yaranmu na makarantar Lahadi sun kewaye wani abu a bayan majami'a, kowa da dutse a hannu. Ashe wata karya ce kwance, ƙazwa ta cinye gashin bayanta, ana iya ƙirga haƙarƙarinta, ga 'yan kwikwiyo uku suna neman nono. Da muka tsawata musu, wani yaro ya ce, "Baba Fasto, ai ba ta kowa ba ce." Amma akwai guntuwar igiya a wuyanta, kuma kare ba ya ɗaura wa kansa igiya.

A ƙasar Baure da wuya ka ga karen da bai taɓa samun ubangida ba. Muna kiwonsa don farauta da rani, don gadin gida da rumbu, don ya bi garke. Ranar da ya tsufa, ko ya karye, ko karya ta haifi fiye da yadda muke so, sai a kora su. Daga nan sai juji da bayan mayanka. Ra'ayinmu shi ne, ceton irin waɗannan karnuka, da jinyarsu, da nema musu sabon gida, aiki ne da ya dace zumuntar matasa ta ɗauka.

Mun san abin da wasu za su ce. Hatsi ya yi tsada, ga marayu da gwauraye a ikilisiya, ga mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a sassan jihar Katsina, yanzu Fasto ya ga ta kare? Tambayar tana kan hanya. Mutum ne a gaba, ba wanda zai cire loma daga bakin maraya ya ba kare. Sai dai maganar karen da aka yasar, maganar ran mutum ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu ta cizon kare ko yaƙushinsa suka kamu, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan ba a tashi. Yaron da ke jifan kare shi ne ya fi kusa da haƙoransa. Zuba guba kuma ba ya kawar da ciwon: kaji da ungulu su ci su mutu, yara su shiga haɗari, bayan 'yan watanni waɗansu karnukan su cike gurbin. Mu da ke bakin iyaka mun san karen da ya taso daga wajen Magarya ba ya tsayawa a Babban Mutum a duba masa takarda. Abin da masana suka tabbatar shi ne, idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi, ciwon yakan daina yaɗuwa. Karen da ke da gida ana iya kama shi a yi masa allura. Wanda muka kora, wa zai riƙe shi?

Maganar Allah ma ba ta yi shiru ba. Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci. A Fitowa 23:5 an umarci mutum ya taimaki jakin da kaya suka danne, ko da na maƙiyinsa ne. Littafin Yunusa ya ƙare da Allah yana lissafa dabbobin Nineba cikin abin da yake jin tausayinsa. Mulkin da aka ba mu a kan halitta a Farawa riƙon amana ne, kuma mai amana zai ba da lissafi. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna da labarin mutumin da aka gafarta masa domin ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, saboda haka aiki ne da za mu iya yi tare da su.

Ba mu ne farkon masu bi da suka kama wannan hanya ba. A 1824, a birnin Landan, wani limamin ikilisiyar Angilikan, Arthur Broome, ya tara mutane suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. A cikinsu har da William Wilberforce, wanda ya yi yaƙi da cinikin bayi. Bashin ƙungiyar ya sa aka kulle Broome a kurkuku a 1826. A 1860 wata mata, Mary Tealby, ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata ko suke fama da yunwa, jaridu suka yi mata ba'a da irin tambayar da muka ambata. Gidan, wanda aka sani da Battersea, yana aiki har yau.

Mu ba mu da irin wannan gida a Baure, ba mu kuma da kuɗin gina shi. Gidajenmu su ne mafaka. Ga abin da muke roƙonku.

Na farko, kowa ya fara da gidansu. A kai kare wurin malamin dabbobi tun yana wata 3, a kuma maimaita allurar kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa wannan allura a ƙasarmu. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Mu je sashen dabbobi na ƙaramar hukuma tun da wuri, mu nemi a zo unguwanninmu.

Na biyu, tausayi ba wauta ba ne. Karen da ke dalalar da miyau, ko yana tangaɗi, ko yana cizon duk abin da ya tarar, kada kowa ya taɓa shi. A janye yara, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi. Wanda aka ciza, a wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Na uku, jinya. A ɗaure karen a inuwa, nesa da yara da sauran dabbobi, har malamin dabbobi ya duba shi. Ruwa a kasko, ƙanzo da ragowar tuwo, a cire masa kaska, a ba shi maganin ƙazwa da na tsutsar ciki. Karen da ya sha duka yakan ɗauki makonni kafin ya yarda da hannun mutum. Sai haƙuri.

Na huɗu, sabon gida. Masu lambu da makiyaya da masu rumbu a gona suna bukatar kare. Amma kada mu bayar sai da alkawari: za a ciyar da shi, za a yi masa allura, in kuma ya gagara a dawo mana da shi maimakon a kore shi. Bayan wata guda mu je mu gani.

Karyar nan tana bayan gidanmu yanzu. An duba ta, an yi mata allura, gashinta ya fara tohowa. Ɗaya cikin 'ya'yanta ya mutu a dare na biyu, jifa ta same shi a kai. Saura biyu da uwarsu, kuma har yau ba mu sami mai karɓarsu ba. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Aikin nan naku ne, matasa. Ku zo taron zumunta na wannan mako da sunan gida ɗaya da kuke ganin zai riƙe amana.

Ubangiji ya ba mu zuciyar jinƙai ga dukan abin da ya halitta, ya kuma tsare yaranmu. Amin.