Ruwa garau ba shi ne ruwa lafiyayye ba

Ranar da aka buɗe sabon foraj a unguwarmu a Dogondutsi, mata sun yi guɗa, an yi addu'a, kowa ya kurɓa ya ce "Kai, sanyi kamar na randa!" Ni ma na sha. Sai da na koma gida tambaya ta zo mini: wa ya auna ruwan nan, kuma ina takardar awon?

Ƴan uwa, ba tsoro nake son sa muku ba. Amma ku tuna Tibirin Gobir, kusa da Maradi, mai suna irin na Tibirinmu na Dosso. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 mutanen garin suna shan ruwan foraj mai sinadarin fuloraid da ya zarce miligiram 1,5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar. Ruwan fari tas, ba wari. Sai haƙoran yara suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe. A 2002 ƙungiyar FIDH ta fitar da rahoto a kai, amma ƙashin da ya karkace ba ya miƙewa da rahoto.

Akwai kuma wata guba da ido ba ya gani: radon. Iska ce da ke fitowa daga yuraniyom ɗin da ke cikin ƙasa da duwatsu, ba launi, ba wari. Tana shiga ɗaki ta tsagewar daɓe, tana narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, radon na cikin manyan abubuwan da ke kawo kansar huhu, kuma ta ba da shawarar kada ya wuce bekerel 100 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki. Mutanen Arlit da Akokan sun san zancen: a 2009 Greenpeace da CRIIRAD sun auna iska da ruwa a can, suka tarar da abin da ƙungiyar Aghir In'man ta daɗe tana kuka a kai.

Arewa ba Ayar ba ce, gaskiya ne. Amma daga Matankari zuwa Kore Mairuwa, rayuwarmu kacokan kan ruwan Dallol Mauri take, kuma ruwan ƙasa ba a shaidarsa da ido.

Abin da ke hannunmu ba ya cin ko dala. Mu riƙa buɗe taga safe da yamma, ko da hunturu ne, domin ɗakin siminti da aka toshe saboda ƙura shi ke tara radon. Mu like tsagewar daɓe. Ruwan foraj kuwa, a zuba shi a randa a fili ya kwana: radon na fita idan ruwa ya sha iska, kuma cikin kusan kwana 4 rabinsa ke ɓacewa da kansa. Ashe kakanninmu ba su yi wauta ba. Mai shan taba kuma ya sani, haɗarin a kansa ya fi yawa.

Sai dai randa ba ta cire fuloraid, tafasawa ma ba ta cire shi. Awo kaɗai ke tona shi. Kuma ƙasar nan tana da masana: akwai cibiyar binciken rediyo-izotop a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Don haka buƙatarmu ɗaya ce. Duk foraj da aka haƙa a Dutsi da Tibiri, ko na gwamnati, ko na ONG, ko na wani alhaji mai neman lada, a auna ruwansa, a manna sakamakon a jikin shato da Hausa, da kwanan wata. Mu je meri mu tambaya, cikin ladabi, amma a rubuce. Wanda ya ba ka ruwa ya yi sadaka. Wanda ya nuna maka takardar awo ya cika ta.

Kai fa, foraj ɗin unguwarku, yaushe rabon da a auna shi?