Labarin Ƙasa da Bakin Masu Ƙasa

Jama'a, akwai wata magana game da yadda a ke koya wa 'ya'yanmu labarin ƙasa a makarantun sakandare, kuma ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci ku kuka fi cancanta ku ji ta, gama ku ne iyayen yaran, ku ne kuma masu noma ƙasar da a ke ba da labarinta.

Ga yadda abin ya ke. A kan ba yaro jerin kalmomin Turanci, kowace da ma'anarta a gefe, a ce ya haddace domin jarrabawa. Sai ya haddace kamar aku. Ya iya ba ka labarin ƙanƙarar da ke gangarowa daga duwatsun Turai tana nika ƙasa, abin da bai taɓa gani ba. Amma ka tsai da shi a bayan gari, ka ce ya nuna maka fako, ya nuna maka jigawa, ya faɗi abin da ya raba su, sai ya yi tsuru-tsuru. Kakansa kuwa, wanda bai san ko bihim ba, da tafin ƙafa ya ke bambanta su: fako ƙasa ce mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta bai shiga ba, jigawa kuwa rairayi ne mai shan ruwa, gadon gero da gyaɗa. Masana sun ce yawancin jigayin nan na wajen Haɗeja da Gumel tuddan rairayi ne da iska ta tara a wani zamani mai nisa, sa'ad da hamada ta fi kusa da mu, daga baya ciyawa ta kama su suka tsaya. Da wannan kalma aka sa wa jiha guda suna a 1991, amma ba ta sami shiga ajin labarin ƙasa ba.

Wasu malamai su kan ce ai kalmomin ilmi na Turanci ne, ba su da fassara. To, su bincika asalin kalmomin da su ke taƙama da su. Wadi, watau kwarin da ruwa ke bi da damina kaɗai, Larabci ne. Sahel ma Larabci ne, ma'anarsa gaɓa. Delta sunan wani baƙi ne na Girkanci mai kusurwa uku, an ba bakin kogin Nilu sunan don siffarsu ɗaya. Sunami daga Japan aka samo shi. Insalbag Jamusanci ne, dutse mai kama da tsibiri, watau irin Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi da Zuma, duwatsu masu tauri da suka rage tsaye bayan ruwa ya cinye na kewaye da su. Ashe Ingilishi bai ƙaga waɗannan ba, aro ya yi daga mutanen da suka san abin. Mu ma ya ara a wurinmu. Duba taswirar Nijar ta Faransawa, za ka ga Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba da sunansu na Hausa. Littattafan masana ƙasa na Turai fadama su ke rubutawa, don ba su da kalma guda da ta ɗauki ma'anarta duka. Bature ya ari kalmar uwar yaro ya sa a littafi, yaron kuwa a ce masa harshensa ba na ilmi ba ne. Ina hankali a nan?

Kada wani ya ce wannan gardamar suna ce kawai. Mu tsaya a kan fadama. Fadama ƙasa ce mai kwari a gefen kogi ko tafki, inda ruwa ke kwanciya da damina ya bar laka mai taki, da rani kuma ruwa na kusa, ko da jigo a ɗebo shi. Nan a ke shinkafa da rake da albasa da alkama, nan makiyayi ke samun ɗanyar ciyawa sa'ad da tudu ya bushe. Wanda ya san wannan ya san abu biyu ba sai an gaya masa ba. Na fari, ba a gina gida a fadama, gama hanyar ruwa ce, ko ya yi shekara goma bai zo ba zai zo. Na biyu, wanda ya tare kogi daga sama ya taɓa abincin na ƙasa. An gama madatsar Tiga a kogin Kano a 1974, ta Calawa kuma a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta suka sha wuya. Yaron da ya haddace sunan irin wannan ƙasa da Turanci bai gane fadamar garinsu a ke nufi ba, gobe shi ne zai zama ma'aikacin da ke yanka filaye. In ya yanka wa mutane fuloti a cikin kwari, ranar da marka ta kama wa zai kwana a ruwa?

Haka zancen lokatai. Littafi ya ce shekara kashi biyu ce a ƙasarmu, lokacin ruwa da lokacin da babu ruwa. Manomi kuwa ya san bazara da damina da kaka da hunturu da rani, kowane da aikinsa. Abin da littafi ya fi manomi shi ne dalili: iska biyu ke ja-in-ja a kanmu, busasshiya daga arewa maso gabas ta hamada, mai laima daga kudu maso yamma ta teku, mahaɗarsu kuma tana bin rana, ta hau arewa ta komo. Shi ya sa ruwa ke sauka a Ikko tun Kano na cikin zafin bazara, Agadas kuwa sai can baya, kaɗan kuma. Wannan ilmi ne mai kyau ƙwarai. Amma a dasa shi a kan kalmomi biyar ɗin nan, ba a share su tukuna ba.

Ta wajen zaman mutane ma ba mu rasa ba. Muna da tunga da ruga da ƙauye da gari da birni da zango. Mun raba ƙaura da cin rani: mai ƙaura ya tafi ke nan, mai cin rani kuwa yana komowa kafin shuka. Wani Bature masanin ƙasa, Mansell Prothero, da ya yi bincike a kan matafiyan Lardin Sakkwato a shekarun 1950, da sunansu na masu cin rani ya kira su.

Iyaye za su ce, jarrabawa fa? Gaskiya ne da Turanci a ke yinta, kuma ba wanda ya ce a jefar da Turanci. Abin da na ke faɗi shi ne a fara da abin, a kira shi da sunan da yaro ya sani, a kai shi ya taka da ƙafarsa, kana a ba shi na Turancin. Wanda ya gane ya fi wanda ya haddace riƙewa, ko a ɗakin jarrabawa.

Hausa ma tana da aiki gabanta. Da kalma guda, yanayi, mu ke kiran halin sama na yau da gobe da kuma halin da ƙasa ta saba da shi shekara talatin, alhali abu biyu ne, kuma wanda ya gama su ba zai gane zancen canjin yanayi ba. Kogi da gulbi da rafi da ƙorama su ma suna bukatar a zauna a yanke wa kowane iyakarsa a rubuce. Inda kuma babu kalma, kamar layukan da a ke auna duniya da su a taswira, a ara ba kunya, yadda muka ari taswirar kanta daga Larabawa.

Wannan aiki ba na malaman jami'a kaɗai ba ne, gama ba su ke da kalmomin ba. Suna bakin manoma da masunta da makiyaya da masu haƙar rijiya, tsofaffinsu kuwa suna ƙarewa. Ku da kuka iya rubutu yanzu, kowa ya sami littafi ya rubuta sunayen ƙasa da ruwa da iska na garinsu, da ma'anar kowane, da wurin da a ke ganinsa, ya kai wa malamin labarin ƙasa na makarantar da ɗansa ya ke.