Wa Zai Auna Ɗan Damben Da Ba Ya Babban Gida?

Duk lokacin da aka ce wane ya fi kowa a fagen dambe, tambayar da ta kamata mai hankali ya fara yi ita ce: a cikin su wa? Wannan tambaya ta daɗe tana raba kawunan masu sharhi kan damben nan na zamani da ake kira MMA, wanda ya haɗa naushi da shuri da kokawa, kuma a ganina ta shafi dambenmu na gargajiya fiye da yadda muke zato.

Kamfanin UFC na Amurka shi ne babban gidan wannan wasa a duniya. A shekarar 2013 ya fara fitar da jerin gwanayensa, inda zaɓaɓɓun 'yan jarida suka riƙa kaɗa ƙuri'a, amma babu mai shiga jerin sai wanda ke ƙarƙashin kamfanin. Don haka duk wanda ke dambe a wani gida, komai bajintarsa, sai dai a yi ta hasashe a kansa. Ajin masu nauyin kilo 77, wanda Kamaru Usman haifaffen Auchi ya riƙe kambunsa daga 2019 zuwa 2022, ya ishe mu misali. Ben Askren ya ci kambu a Bellator, ya ci a ONE, ba a taɓa doke shi ba, har wasu suka ɗauka babu kamarsa. Da ya shiga UFC, sai Jorge Masvidal ya sumar da shi cikin daƙiƙa 5 a watan Yulin 2019. To amma Robbie Lawler da Tyron Woodley daga gidan Strikeforce suka fito, kuma kowannensu ya ɗauki kambun UFC, na farko a 2014, na biyu a 2016. Woodley ɗin ne ma Usman ya karɓe kambun daga hannunsa. Ashe ke nan zama a wajen babban gida ba ya nuna rauni, ba ya kuma nuna gwaninta. Karawa ce kaɗai ke raba gardama.

Sai dai su can ko hasashe za a yi, akwai abin da za a dafa. Shafukan intanet irin su Sherdog da Tapology suna adana sakamakon kowace karawa: wa ya kara da wa, a wane nauyi, a wace rana, kuma yaya aka tashi. Mu kuwa fa?

Mai karatu, a yau idan ana batun manyan 'yan dambe, idon jama'a yana kan dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, da gidajen damben Dei-Dei da Maraba a kewayen Abuja, da kuma sababbin kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors masu yaɗa wasa ta intanet. Su ne manyan gidajenmu. Amma dambe ba a birni aka haife shi ba. Wasan mahauta ne, na lokacin kaka, wanda ake yawo da shi gari-gari bayan amfanin gona ya shigo gida. Saurayin da ke ɗaure hannu a ƙasar Rano ko Kibiya, ɗan Rurum ne ko Saji, ɗan Tarai ne ko Fammar, yana iya yin kisa goma a jere, amma da zarar kalangu ya yi shiru jama'a sun watse, bajintarsa ta koma labarin baka. Wanda ya gani ya ce ya gani, wanda bai gani ba ya ce ƙarya ce.

Ba wai Bahaushe ba shi da hanyar tantance gwani ba ne. Yana da ita, kuma a harshe take. Duba sunayen 'yan dambe: Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Bahagon wane. Kowane suna yana gaya maka gidan da mutum ya fito da ubangidan da ya rene shi, kamar yadda Kudu da Arewa da Guramada ke gaya maka ɓangarensa. Sauran aikin na makaɗi ne. Da ba don Muhammadu Bawa Ɗan Anace ba, da wuya sunan Shago ya kai inda ya kai. Amma suna asali yake nunawa, ba sakamako ba. Kirari kuwa ba ya lissafa faɗuwa, domin ba a taɓa biyan maroƙi ya tuna wa gwaninsa ranar da ya sha ƙasa ba. A da makaɗi ne ke ɗaga ɗan dambe, yau kyamarar waya ce, kuma dukansu inda kuɗi yake suke bi.

Wani zai ce ai wasa ne, mene ne na damuwa? Damuwar ita ce matsayi shi ne farashi. Wanda ba a san shi ba abin da aka ga dama ake ba shi, ko da ya fi mai suna hannu. Abin da ya fi wannan muni shi ne haɗin da babu awo. Idan aka sa yaro mai kilo 65 ya shiga turmi uku da ƙato mai kilo 85 don kawai 'yan kallo su yi ihu, ba jarumta aka gwada ba, ƙwaƙwalwar ɗan wani aka yi caca da ita.

Gyaran ba ya buƙatar miliyoyi. Da farko, littafi: duk inda aka kafa fage, a sami mutum guda da zai rubuta sunayen waɗanda suka kara, da ranar, da ko an yi kisa ko an tashi babu kisa. Na biyu, sikeli: a auna kowa kafin a ɗaure masa hannu, a kuma tsaida azuzuwan nauyi iri ɗaya a ko'ina. Na uku, a bayyana ma'auni: kashe gwani ɗaya ya fi kashe sababbin shiga biyar, kuma mai gidan dambe bai kamata ya zama alƙalin jerin da yaransa ke ciki ba. Na huɗu, a buɗe ƙofa: wanda ya yi fice a karkara a ba shi ranar karawa da na birni, domin a nan ne kaɗai za a gane Askren ne ko Woodley.

Masarautar Rano, wadda dokar 2024 ta haɗa Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta, tana da girman da ya dace a fara gwada wannan tsari, tare da sarakunan pawa da sassan wasanni na ƙananan hukumomin uku. Idan aka yi shekara biyu ana rubutu da awo, duk wanda ya ce ɗan ƙauye bai isa ba sai a buɗe masa littafi. Kafin nan, duk jerin gwanayen da aka nuna mana, jerin waɗanda aka ɗauka a hoto ne kawai.

Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji, su kuma yi aiki da abin da suka ji.