RA'AYINMU: A ƙirga kaya kafin a canja mota

'Yan kasuwar Zangon Kumasi ba za su manta da shekarar 2020 ba. A ranar 1 ga Yunin shekarar ne hukumar kwastan ta Ghana ta ajiye tsarin kwamfuta na GCNet, wanda ta yi aiki da shi tun farkon shekarun 2000, ta koma kan ICUMS, mai asali daga Koriya ta Kudu. An yi makonni kaya na jibge a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuɗin ajiya na ta hauhawa. Duk wanda ya taɓa jiran takarda a iyakar Paga da albasar Nijar a mota ya san abin da kwana ɗaya ke ci.

Mun tuno da wannan ne domin abin da ya samu hukuma yana iya samun ɗan kasuwa. A yau lissafin bashi, lambobin abokan ciniki da rasiɗin kuɗin waya duk suna cikin waya ko tsohuwar kwamfutar shago. Manhajar da ke riƙe da su kuwa tana tsufa, kuma sai mai ita ya tashi da kansa ya sabunta ta.

Wani zai ce to a bar ta yadda take mana, tunda tana aiki. Wannan kuskure ne. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa a Windows. Da yawa ba su saka ba. A watan Mayu cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila. Haka kuma tun 14 ga Oktoban 2025 kamfanin ya daina ba Windows 10 gyaran da ya saba bayarwa.

A ganinmu, sabuntawa dole ce, amma sauri ya haifi nawa. Kafin a taɓa komai a kwafe bayanai zuwa wani wuri, manyan basussuka kuma a rubuta su a littafi. Kada a yi aikin ranar da mota ke lodi. A ɗauko manhaja daga kamfanin da ya yi ta, ba wadda wani ya turo ta WhatsApp ba. In yaro ne zai yi aikin, maigida ya zauna kusa, kuma kada ya ba shi lambar sirrin asusunsa.

Muna kuma kira ga shugabannin 'yan kasuwa a Aboabo, Asawase da Sabon Zango da su nemi hukuma ta riƙa sanar da fatake da Hausa kafin duk wani canji. Bafatake ba ya sauya mota sai ya ƙirga buhunansa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.