Tsadar Fetur da Manoman Rani na Bakolori

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin man injin ban-ruwa ya zama babban nauyi ga manoman Talata Mafara, Bakura da Maradun.

A Amurka ana zaɓar fetur bisa lambar oktan, daga 87 zuwa 93, amma babbar lamba ba ta ƙara wa ƙaramin inji ƙarfi. A gidajen manmu nau'i ɗaya ake sayarwa. Abin dubawa shi ne tsabtarsa, domin gurɓataccen man da aka shigo da shi a farkon 2022 ya lalata motoci da dama.

Saboda haka muna kira ga hakimai da kansiloli su faɗakar da jama'a: a guji man kwalba, a riƙa sauya baƙin mai da filogi kan lokaci.