Ordinatar ɗaya ba ta ɗaukar caca da karatun yaro



Akwai tambayar da muke ta ji a bakin shagunan kayan lantarki da cikin guruf-guruf na WhatsApp: wace ordinatar ce mai sauƙin kuɗi da maigida zai riƙa buga kartar poka ta intanet da dare, da rana kuma yaro ya yi aikin lekwal da ita? Mai tambayar yana ganin ya yi dabara, kuɗi ɗaya biyan buƙata biyu. Mu kuwa cewa muke yi wannan ba tattali ba ne. Inda aka ajiye nama ba a ɗaure kura.

Mu fara da ɓangaren injin, tunda shi aka tambaya. Poka ba ta buƙatar ordinatar mai ƙarfi. Hoton teburi ne da ƴan katuna, tsohon injin da ya shekara goma ma yana ɗaukarta, salular da ke aljihunka ma haka. Masu gidajen caca sun san talaka ne kasuwarsu, shi ya sa ba su sa wa ƙofar shiga tsada. Tsadar tana ciki, bayan ka zauna.

Mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Mutumin da ke barin jika biyu kacal a teburin karta kowane dare, a wata ya bar jika 60, a shekara jika 720. Bai sa kuɗin koneksiyo ba. Wannan kuɗi ya isa ya sayi ordinatar mai kyau fiye da ɗaya, ya biya kuɗin lekwal, ya saura. Sai ka ga mai wannan asara ya tsaya yana ciniki da mai shago a kan jika biyar, wai yana neman rangwame saboda yaro.

Za a ce mana: ai poka ba PMU ba ce, wasan basira ne, mai ƙwaƙwalwa yana ci. To, mu ɗauka haka ne. A kowane zagaye gidan caca yana yankar ladansa daga kuɗin da aka tara a tsakiya kafin wanda ya ci ya kwashe. Ko wa ya ci, ko wa ya faɗi, gida ya samu. Kuɗin ƴan wasa raguwa suke yi, na gida ƙaruwa. Sannan da wa kake karawa? Ba abokanka na fada ba ne da kake karanta fuskarsu. Akwai waɗanda wannan ce sana'arsu, suna da manhajojin da ke tara bayanin yadda kowa ke wasa, suna jiran sabon shiga. In basira ce ke ci, to tasu ce ke ci, kuɗinka ne abincin.

Mun san abin da ke tura mutane, ba daga sama muka faɗo ba. Tun ranar 31 ga Maris 2021 da Cominak ta rufe, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila da iyalan da ke ci a jikinsu. Wanda ya saba da albashi duk ƙarshen wata ya koma kirga kwanaki. Wasu sun nufi zinariya a Cibarakaten, wani ya dawo da mota, da yawa sun dawo da bashi. Somair kanta, da gwamnati ta mayar hannun ƙasa a watan Yunin 2025, ta sha watanni na rashin tabbas. A irin wannan hali duk wanda ya ce maka ga kuɗi a cikin allo, kunne zai saurara. Amma garin da aka kafa a 1969 saboda yuraniyom ya fi kowa sanin cewa abin da ake haƙowa ƙarewa yake yi. Abin da aka zuba a kan yaro shi ne ba a rufe shi da sanarwa.

Yanzu mu zo kan yaron, wanda da sunansa aka sayi injin. Shafukan caca ba su fita idan ka rufe su. Tarihin shiga yana nan, lambar sirri tana ajiye, tallace-tallace suna bin injin duk inda aka leƙa. Yarinya ta buɗe don neman darasin lissafi na BEPC, sai ga tallar kyautar kuɗi ga sabon ɗan wasa tana walƙiya a gefe. Wasu manhajojin ma ba daga hanyar kirki ake sauke su ba, da ƙwayar cuta suke zuwa, ranar da injin ya tsaya aikin yaro ne ke tafiya.

Wani zai ce sai ya buɗe wa yaro nasa asusun daban, ya sa makulli. Madalla, a yi hakan. Sai dai makulli yana tsare allo ne, ba ya tsare ido. Yaro yana ganin babansa har ƙarfe biyu na dare, yana jin tsakin da yake yi in an cinye shi, yana ganin yadda ake wayar gari babu kuɗin cefane. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma ranar da aikin gida da wasa suka haɗu a lokaci ɗaya, mu faɗi gaskiya, wa zai tashi ya ba wani wuri?

Ba wa'azi muka zo yi ba, malamai sun riga sun karanta mana aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, inda aka jera caca da giya wuri ɗaya. Likitoci ma sun iso nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtuka. Wanda ya kasa dainawa ba zagi yake buƙata ba, taimako yake buƙata. Amma kada a kai cutar ɗakin yara.

To me za a saya, in don yaro ne tsakani da Allah?

A sayi ta hannu, wato portabul, ba ta teburi ba. Kuran ɗinmu daga tashar gawayi ta Sonichar yake zuwa, kuma kowa ya san yana ɗaukewa. Mai bateri tana ci gaba da aiki, ta teburi kuwa sai an ƙara mata ondiler. A nemi tsofaffin injinan ofis irin su ThinkPad, Latitude ko EliteBook, sun fi sababbi masu araha jure wahala, kuma ana samun kayan gyaransu. RAM ta kai giga 8. Ma'ajiyar ta zama SSD, don ta fi sauri, ta fi jure girgiza, ga hanyar Tawa zuwa Arlit kun san halinta. Microsoft ta tsayar da sabunta Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka in Intel ce a duba ta kai zubi na takwas, don ta ɗauki Windows 11. A cire caja a gaban mai shago a ga awa nawa baterin ke yi. A duba madannai: na Faransanci, AZERTY, ya fi sauƙi ga ɗan lekwal, yawancin masu zuwa daga Najeriya da Dubai kuwa QWERTY ne. Zafinmu yana wuce digiri 40, ga ƙura, don haka kada a ɗora ta kan katifa, a rufe ta in an gama, a riƙa kai ta ana hure mata ƙura.

Yaro ba ya buƙatar intanet kullum. Kiwix yana ajiye Wikipedia cikin injin, har da ta Hausa. LibreOffice na rubutu, GeoGebra na lissafi, GCompris na ƙanana, duka kyauta ne. A ajiye injin a tsakar gida ko falo inda uwa ke gani.

Masu shaguna, ku ji tsoron Allah, ku daina sa wa mutane manhajar caca a matsayin gyara. Iyaye mata, in an shigo da inji an ce na yaro ne, ku tambayi wa ke riƙe da lambar sirri. Iyaye maza kuma, in kun ce na yaro ne, ku bar masa abinsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu halal mai albarka.